Ranar da Lado Ya Kwance Bel

A Dandamisa, idan saniya ta faɗa rijiya, ko rafi ya cika ya tare mutane a hanyar gona, Malam Lado ake aikawa a kira. Manomin rake ne, yana da fadama a gabas da gari da injin da yake matse rake ya yi mazarƙwaila, amma ba da wannan aka fi saninsa ba. An san shi da rashin tsoro. Ya haura sittin, gemu ya yi fari tas, duk da haka in aka ji motsin da ba a gane ba a bayan gari shi ne a gaba. Shi ma ya san irin kallon da ake masa, yana kuma jin daɗin abin, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

A farkon damina ɗansa Saminu, wanda yake aiki a Legas, ya bugo waya ya ce matarsa Mukarrama ta sauka lafiya, an samu tagwaye. Sun daɗe da aure ba haihuwa, don haka ya ce ba zai yarda a yi suna babu iyayensa ba. Damuwar ita ce gwiwar Rahama, matar Lado. Ta jima tana fama da ita, ko kasuwar Makarfi ta je a mota sai ta dawo tana ɗingishi. Saminu ya ce babu maganar mota, ya riga ya yanki tikitin jirgi, daga Kaduna za su tashi.

Tun da Rahama ta ji haka abinci ya daina shiga mata. Ta ce ita ko tsani ba ta hawa, yaya za a ɗaga ta sama da gajimare. Lado kuwa ya samu abin tsokana. Matan unguwa suna shigowa barka, shi kuma yana daga bakin ƙofa yana ce musu su yi wa ƙawarsu addu'a, don ya ga alama a zane zai ƙunso ta ya kai ta Legas. Matan suka yi ta dariya. Rahama ta yi murmushi kawai ta ci gaba da ƙulla kuka da daddawar da za ta kai wa mai jego.

Ranar tafiya suka isa filin jirgi da wuri. Da suka hau matakala, wata budurwa cikin kayan aiki ta tare su a bakin ƙofa. Ta dubi sandar Rahama da hular Lado, sai ta bar Turanci ta rusuna ta gaishe su da Hausa, ta tambayi gida da gajiyar hanya. Da ta ji daga Dandamisa suke fuskarta ta washe. Ta ce sunanta Happiness, ita 'yar Ikara ce, nan kusa da su, mahaifinta Yunana mai gyaran inji a bakin tasha. Lado ya ce ai kuwa ya san Yunana sarai, shi ke gyara masa injin rake, kuma ya sha jin yana cewa 'yarsa tana aikin jirgi, ashe ita ce.

Ita ta kai su wurin zamansu. Ta zaunar da Rahama a kujerar bakin hanya don ta samu miƙe ƙafa, Lado kuma a jikin taga. Ta ɗaura wa Rahama bel, ta nuna wa Lado yadda ake maƙala shi da yadda ake ɗaga ƙarfen a kwance. Ta ce ko an ga komai lafiya gara a bar shi a ɗaure, don iska ba ta sallama.

Tashin jirgin bai dami Lado ba. Rahama ta runtse ido tana jan carbi, shi kuwa ya manna goshi a taga yana kallon gonaki suna ƙanƙancewa, har yana zungurinta ta buɗe ido ta ga kogi ya koma kamar zare. Aka turo keken abinci aka ba su shayi da burodi. Ya sha nasa, ya sha rabin nata.

Sun yi nisa sai ya lura hasken waje ya canza. A gefen dama gajimare ya taru ya yi tsiri, fari a sama, baƙi ƙirin a gindi, tsayinsa ya wuce inda jirgin yake. Lado ya san hadari, rayuwarsa duka kallon hadari yake yi, amma daga ƙasa. Bai taɓa ganinsa ido da ido haka ba.

Wata ƙararrawa ta yi ƙara, muryar matuƙin jirgin ta fito a lasifika yana magana da Turanci a natse. Nan take ma'aikatan suka canza tafiya. Suka bi layi suna karɓe kofuna ko an gama ko ba a gama ba, suka tura keken baya suka kulle shi, suka dawo suna duba bel ɗin kowa da murafan wurin kaya na sama. Happiness ta tsaya a kansu ta sunkuyo.

“Baba, Mama, kyaftin ya ce akwai hadari a gaba. Zai kewaye shi, amma za mu ji gargada. Kada ku damu, ku dai zauna a ɗaure. Mu ma ya ce mu je mu zauna.”

Ta ƙara jan bel ɗin Rahama, ta wuce gaba ta zauna a wata 'yar kujera da ke fuskantar fasinjoji, ta ɗaure kanta kafaɗa da ƙugu.

Da farko abin kamar mota ce a kan hanyar da ruwa ya zaizaye. Lado har ya buɗe baki zai tsokani Rahama. Sai jirgin ya yi ƙasa da su gaba ɗaya, kafin ya dawo daidai aka sake cilla su sama. Wata mata a baya ta fasa salati, jariri ya tsanyare da kuka. Taga ta yi duhu, ruwa yana dukanta, can ta sake yin haske. A cikin wannan hasken ne Lado ya ga fiffiken jirgin. Yana lanƙwasa. Bakinsa yana yin sama yana yin ƙasa kamar karan dawa a cikin iska.

Duk abin da ya taɓa shiga a rayuwarsa, akwai abin da hannunsa ke riƙe da shi. A rijiya akwai igiya, a rafi akwai ƙasa a ƙarƙashin ƙafa ko da ruwa ya kai wuya. A nan babu komai. An ɗaure shi a kujera kamar ragon da za a kai kasuwa, ƙarfen da ke ɗauke da su kuma yana shirin karyewa a gaban idonsa, kuma kamar shi kaɗai ya gani. Bai san lokacin da hannunsa ya ɗaga ƙarfen bel ɗin ba.

Rahama tana tsakaninsa da hanya. Bai ce ta matsa ba. Ta kanta ya bi, ya ɗora nauyinsa duka a kan gwiwar nan mai ciwo. Ya ji ƙarar da ta yi, ya ji hannunta ya kamo rigarsa, ya fizge. Sai ga shi a tsakiyar jirgi yana tangaɗi, yana dafa kawunan mutane, yana faɗin a buɗe, a sauke su, fiffike zai cire.

Happiness tana daga kujerarta tana ɗaga murya. “Baba, zauna! Zauna a ƙasa ka kama ƙafar kujera!”

Ya ji ta, amma maganar ba ta shige shi ba. Ƙofar da suka shigo ta ita kawai yake hange. Da ta ga ya ci gaba da tahowa, sai ta kwance nata bel ɗin ta taso. Ta zo tana kama kujeru ɗaya bayan ɗaya, ta cafki gaban rigarsa da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba, ta tura shi cikin wata kujera da babu kowa, ta lalubo bel ta maƙala masa. Ƙarfen bel ɗin yana maƙalewa, jirgin ya sake faɗawa, wannan karon fiye da na baya. Bel ya riƙe Lado. Ita babu abin da ya riƙe ta. Ya ga ƙafafunta sun bar ƙasa, kanta ya bugi rufi, ta dawo ta faɗi a kan hannunta a gefen kujera. Ya ji ƙarar, irin wadda yake ji in ya karya rake a gwiwa.

Wani fasinja ya miƙo hannu ya danne ta a ƙasa don kada a sake ɗaga ta. Haka ta kwanta a kan hanya, fuskarta kusa da takalmin Lado, tana cije leɓe, har girgizar ta ragu. Ba a daɗe ba rana ta fito, jirgin ya koma tafiya sumul kamar babu abin da ya faru. Fiffiken yana nan inda yake.

Abokan aikinta suka zo suka ɗaga ta, suka ɗaure hannun. Babu wanda ya yi wa Lado magana. Wani ya miƙo masa hularsa daga ƙarƙashin kujera ba tare da ya dube shi ba. Wani mai kwat a gefe ya faɗi wata kalma da Turanci, na kusa da shi ya yi tsaki. Lado bai koma wurin Rahama ba, domin bai san da wace fuska zai koma ba. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa har aka sauka.

A Legas aka ce kowa ya zauna sai an fita da mai rauni. Bayan an fitar da ita wasu ma'aikatan tsaro suka shigo suna tambayar fasinjan da ya tashi. Babbar ma'aikaciyar jirgin ta yi musu magana a gefe, suka dubi Lado suka juya. Da ta zo wucewa ta ce masa da gurɓatacciyar Hausa, yarinyar ce ta roƙa a ƙyale shi, ta ce tsoho ne, tsoro ne kawai. Da mari aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

A keken marasa lafiya aka fito da Rahama. Saminu, wanda ya zo tarbarsu, ya ruɗe yana tambayar abin da ya faru. Lado ya tsaya yana jiran ta faɗa.

“Gwiwar ce,” in ji ta. “Zaman ya yi mata yawa.”

Aka yi suna, aka yanka raguna, aka ɗora wa Lado jikoki a cinya aka ɗauki hoto. Lado yana amsa barka, amma kullum kunnensa yana wurin Rahama, yana jiran ranar da za ta yi maganar, ko a gaban mutane ko su biyu. Ba ta yi ba. Tana zuba masa abinci, tana tambayarsa ko ya yi barci, gwiwa a kumbure kamar ƙwarya. Da lokacin komawa ya yi ya ce wa Saminu yana da wani aboki mai goro a Shagamu da ya daɗe bai gani ba, don haka shi ta mota zai bi. Saminu ya yi mamaki amma bai ja ba. Rahama, wadda aka ce a zane za a ƙunso, ita kaɗai ta sake hawa jirgi ta koma Kaduna, ƙaninta ya tare ta. Ta riga shi isa gida.

A majalisar da suke zama bayan la'asar a gindin mangwaron ƙofar masallaci, kowa yana son ya ji labarin jirgi. Lado ya ce ai babu wani abu, kamar kana zaune a zaurenka ne, har shayi ake kawowa. Ya faɗi yadda kogi ke komawa zare. Aka yi ta jinjina kai. Da aka tambayi dalilin dawowarsa a mota ya kawo maganar mai goro. Babu wanda ya yi shakka, don babu wanda zai kawo wa ransa wani abu game da Lado.

Injin rakensa ya fara tari a kwanakin nan, amma bai kai shi Ikara ba. Ya kira wani yaron makanike daga Makarfi ya taɓa shi, abin ya ƙara lalacewa, ya bar shi haka.

Wata rana Ukasha, dillalin mazarƙwaila da ke yawan zuwa kasuwar Ikara, ya zo majalisa da labari. Ya ce 'yar Yunana mai gyaran inji tana gida da karyayyen hannu, har ƙarfe aka sa mata. Wai iska ce ta kaɗa jirginsu, wani fasinja ya tashi yana ihu zai buɗe ƙofa, ta je ta zaunar da shi, ita ta ji ciwo. Majalisa ta ɗauka. Wani ya ce wannan ai kisan kai ya so yi. Wani ya ce irin waɗannan ne ke sa a raina mutanen ƙauye. Ukasha ya ce abin haushin ma wai babban mutum ne da gemu. Sannan ya juyo.

“Malam Lado, kai da ka hau, mutum mai hankali zai yi haka?”

Duk suka zuba masa ido. Ya gyara zaman hularsa.

“Ai wasu ba su da hankali,” in ji shi.

Aka ce wallahi kuwa, aka ci gaba da zagin mutumin. Lado ya zauna a cikinsu har aka kira magariba. A sahu ya kasa tuna ko raka'a nawa aka yi.

Da ya shiga gida ya tarar da Rahama a tsakar gida tana shafa man zafi a gwiwa. Tun dawowarsu ko ɗaki za ta shiga sai da sanda. Ya tsaya a kanta ya tambaye ta ko ta ji labarin da ke yawo. Ta ce matar Ukasha ta faɗa mata. Ya ce amma ba ta ce komai ba.

“Me zan ce, Malam? Ina wurin.”

Ya zauna a bakin turmi. Ya so ya ce ta yafe masa, kalmar ta ƙi fitowa, sai ya tambaya ko gwiwar tana sauƙi. Ta rufe kwalbar man ta ajiye.

“Gwiwata tsakanina da kai ce, babu mai jin ta a bakina. Amma yarinyar nan 'yar mutane ce. Uwarta tana can tana yi mata wanka kamar jaririya.”

Washegari da hantsi ya ɗaure buhun masara da kaji biyu a bayan babur ya kama hanyar Ikara. Sau biyu yana tsayawa a hanya kamar zai duba taya.

Yunana yana shagonsa, hannu duk baƙin mai. Yana ganin Lado ya taso da fara'a, suka gaisa, aka tambayi iyali da damina da jikoki. Da Lado ya ce ya zo duba mai jiki ne, Yunana ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wannan shi ne zumunci, ya bar shagon a hannun maƙwabcinsa ya ja shi zuwa gida.

Matar gidan, Philomena, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar baranda ta kawo ruwa. Happiness ta fito da hannu a naɗe cikin filasta, an rataye shi a wuya. Ta rame. Da ta ga ko wane ne ta ɗan tsaya, sannan ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi gwiwar Mama. Lado ya gane ba ta faɗa wa iyayenta ba.

Yunana ya zauna ya fara ba shi labarin tun daga farko, yadda aka bugo musu waya, yadda uwar ta yanke jiki ta faɗi. Ya ce shi ba mai riƙo ba ne, amma da zai ga mutumin nan da ya tambaye shi ko shi ba shi da 'ya'ya. Happiness ta ce, “Baba, a bar maganar.” Yunana ya ce ba za a bari ba, ai Malam Lado na gida ne.

Lado ya ajiye kofin ruwan da bai sha ba.

“Malam Yunana, ni ne.”

Yunana bai gane ba, ya ce shi ne wa.

“Mutumin. A jirgin nan muka tafi Legas ni da mai ɗakina. Ni na tashi. Ni ta zaunar.”

Yunana ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon Lado kamar yana neman wani mutum a fuskarsa. Sannan ya tashi ya fita.

Philomena ce ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ko ya san likita ya ce hannun ba lallai ya koma kamar da ba. Ko ya san kamfanin jirgin ya dakatar da yarinyar, saboda matuƙi ya ce kowa ya zauna ita ta tashi, yanzu ana binciken ko ta karya doka. Ta ce shekarun da yarinyar nan ta yi tana neman aikin nan Allah kaɗai ya sani. Lado bai san da maganar dakatarwa ba. Ya ji kamar an ƙara masa wani buhun a ka. Ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ba shi da bakin kare kansa. Philomena ta share ido da bakin zane ta shige ɗaki.

Suka rage su biyu. Can Lado ya ce, ba don ya wanke kansa ba, amma ya ga fiffiken yana lanƙwasa da idonsa.

Happiness ta ce ya gani daidai, haka aka ƙera shi, yana ba iska hanya ne, kuma abin da zai iya ɗauka ya ninka abin da suka shiga. Ta ce iskar sama ba a kwance take ba. Ta tambaye shi ko yana lura da shirwa da tsakar rana, yadda take hawa sama ba ta kaɗa fiffike. Zafin ƙasa ne ke tura iska sama, shirwa ta hau kai. Hadari kuwa haka yake amma da ƙarfin gaske, a cikinsa wata iska tana hawa, wata tana gangarowa, jirgi in ya ratsa gefensu dole ya ji. Wani lokaci kuma sama tana garau, babu ko ɗigon gajimare, sai iska mai gudu ta goga da mai tafiya a hankali, ko ta bugi duwatsu ta taso, ko wani babban jirgi ya wuce ya bar ta a hargitse. Irin wannan ba a ganinta, shi ya sa suke naci a kan bel.

Ya tambaya, to matuƙin me yake yi a lokacin, yana zaune ne kawai. Ta ce a'a. Akwai na'ura a gabansa da ke nuna masa inda ruwa ya yi nauyi a cikin hadari, da ita yake zaɓar inda zai kewaya. Jiragen da suka riga shi wucewa suna faɗa ta rediyo inda suka ji gargada. Yana rage gudu kamar direban da ya shigo hanya mai ramuka, yana neman izini ya hau sama ko ya sauko inda iska ta fi kwanciya. Su kuma aikinsu su kwashe ruwan zafi, su kulle duk abin da zai iya tashi, su tabbatar kowa a ɗaure yake, sannan su ɗaure kansu. Ta ce kusan duk wanda ke jin ciwo a irin wannan, wanda ba a ɗaure ba ne.

“To ke da kika san haka, me ya tashe ki?”

“Da faɗawar nan ta same ka a tsaye, Baba, wuyanka ne, ba hannu ba. Ƙofar ba ta buɗuwa a sama ko mutum goma suka taru, amma fasinjoji ba su sani ba. Na ga maza biyu sun fara kwance bel za su yi kanka.”

Ta ce kada ya ɗauka ita ba ta jin tsoro. Farkon fara aikinta sai da ta yi amai a irin wannan. Bambancin kawai an koya mata abin da za ta yi da hannunta in tsoron ya zo.

Lado ya tambaya ko akwai abin da zai iya yi. Happiness ta ɗan yi wasa da bakin filastar. Ta ce masu binciken sun so su ji daga bakin fasinjan, don a tabbatar ba ganganci ta yi ba, amma ta ce musu ba ta san inda yake ba. In ya yarda, za su kira shi. Sai dai da Turanci suke yi, kuma ita ba za a yarda ta yi masa tafinta ba. Dole ya nemo wanda zai fassara.

Lado ya san mutum ɗaya ne yake da shi mai Turanci. Ya ce ta ba su lambarsa.

Da ya fito ya ga Yunana a bakin ƙofar gida yana tsaye, hannu a baya. Lado ya yi masa sallama. Yunana ya amsa a gajarce, bai raka shi ba. Sai da ya tayar da babur sannan ya ji muryarsa yana cewa, ba tare da ya dube shi ba, ya ji an ce injinsa yana tari, ya kawo a duba kafin ya kashe shi gaba ɗaya.

Da yamma ya zauna a zaure ya kira Saminu. Ya faɗa masa komai a jere, bai rage ba, har da maganar mai goro. Da Saminu ya yi magana, ba maganar jirgin ya yi ba.

“Baba, gwiwar Inna fa?”

“Ita ma ni ne.”

Saminu ya ce zai yi tafintan, a sanar da shi ranar.

An yi kiran, Lado ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya ji ɗansa yana maimaita shi da Turanci ga mutanen da bai sani ba. Bayan an cire filasta kamfanin ya mayar da Happiness aiki, amma a ƙasa, wurin karɓar fasinjoji, don hannun bai yi ƙarfin da za a bar ta ta tashi ba tukuna. Yunana ya gyara injin, yana kuma amsa gaisuwa, sai dai hirar da suke yi a da ba ta dawo ba.

Labarin ya iso Dandamisa a hankali, ta bakin matan kasuwa. Babu wanda ya tari Lado da shi. Ukasha ma in sun haɗu sai ya tsawaita gaisuwa ya kama maganar farashin taki. Lado ya ci gaba da zuwa majalisa, yana zama daga gefe, in an yi dariya ya yi murmushi. Yawanci kafin a watse yakan tashi, ya ce zai je ya ɗora wa Rahama ruwan gashi, don yanzu shi yake gasa mata gwiwar.